Vivaldi da kiɗan zamani a faifai ɗaya: wane albam na celo za ka fara da shi?

A 'yan shekarun nan wani salo ya yawaita tsakanin makaɗan celo, wato wani babban goge na Turawa. Mai kiɗa zai ɗauko konceton Vivaldi mai shekara ɗari uku, ya jera shi kusa da aikin wani da yake raye har yau, ya fitar da su a albam ɗaya. Kamfanonin faifai suna son salon domin yana jawo sababbin masu saurare. Makaɗa kuma suna sonsa domin a nan suke nuna zaɓinsu da ɗanɗanonsu. Mai saurare ne ke shan wahala, don a bango duk kama suke yi, a kunne kuwa sun yi hannun riga. Akwai wanda za ka ƙare shi ba ka ji konceto ko ɗaya ba. Akwai wanda tsohon kiɗan da sabon suke zaune kusa da juna ba tare da ɗaya ya ƙara wa ɗayan komai ba.

Albam biyar zan auna a nan. Huɗu sun haɗa tsoho da sabo, kowanne ta hanyarsa: Venice na Anastasia Kobekina, Al-Bunduqiyya na Giovanni Sollima, Where is Home na Abel Selaocoe, da aikin Peter Gregson da ya sake gina kiɗan Bach. Na biyar, Il Progetto Vivaldi na Sol Gabetta, tsohon kiɗa ne zalla. Na saka shi ne da gangan, domin wasu masu neman haɗin, idan aka bincika, ainihin Vivaldi suke nema.

Kafin a fara awo

Wanda ya san goge ya riga ya san rabin labarin celo. Tsirkiya ce ake gogawa da baka mai izgar doki, ana shafa wa izgar ƙaro don ta kama. Bambancin shi ne celo na da tsirkiya huɗu, jikinsa kuma babban katako ne da mai kiɗa ke zaunawa ya riƙe tsakanin gwiwoyinsa. Muryarsa tana tashi daga kaurin muryar namiji har ta kai siririyar muryar mace, shi ya sa mutane da yawa suke jin kamar waƙa yake yi musu.

Barok suna ne da ake kiran kiɗan Turai na tsakanin 1600 zuwa 1750, shekarar da Johann Sebastian Bach ya rasu. Konceto kuwa kiɗa ne da mai kiɗa ɗaya ke musayar zance da ƙungiyar makaɗa. Ƙungiya ta buɗe da amshi, shi ya fito ya yi nasa, ƙungiya ta dawo da amshin, haka har ƙarshe. Yawanci kashi uku ne: mai sauri, mai sanyi, mai sauri, duka kimanin minti goma. Wanda ya fi kowa kafa wannan tsari shi ne Antonio Vivaldi, da aka haifa a birnin Benis na Italiya a 1678, ya rasu a Biyana a 1741. Tun 1703 yake koyarwa a Ospedale della Pietà, gidan renon marayu mata wanda ƙungiyar makaɗansa ta yi suna a duk Turai. Ya bar konceto kusan 500, 27 daga ciki na celo ne. Lambar da za ka riƙa gani bayan sunan aiki, irin RV 547, lambar jerin da masani Peter Ryom ɗan Denmak ya tsara ce, kuma da ita ake bambance ayyukan, don da yawansu suna iri ɗaya gare su.

Ma'aunai

Abu na farko da nake dubawa shi ne yawan Barok na gaske a ciki. Akwai konceto cikakke mai kashi uku, ko tsakure ne kawai? Wannan na da muhimmanci, domin daɗin kashi na tsakiya mai sanyi yana fitowa ne idan ka biyo ta kashi na farko mai gudu.

Na biyu, kuma a wurina shi ne babba, shi ne mahaɗa. Me ke faruwa a daidai inda tsohon kiɗa ya ƙare sabo ya fara? Albam mai kyau yana sa ka ji Vivaldi da sabon kunne bayan ka ji aikin zamani. Idan hakan bai faru ba, jerin waƙoƙi ne kawai da kai ma za ka iya haɗawa a wayarka.

Sai sauƙin shiga kunne ga wanda bai saba ba, da ƙarko, wato ko albam ɗin zai jure saurare na ashirin ko kuwa daɗinsa na mako ɗaya ne. Sai kuɗi. Na ƙarshe shi ne haɗari: ina ne mutum zai iya yin da-na-sani?

Maganar kuɗi

Gara a gama da wannan lokaci guda, domin bambancin da ke tsakanin albam ɗin biyar ta wannan fuska kaɗan ne. Dukansu manyan kamfanoni ne suka fitar da su, ana kuma samunsu a Spotify da Apple Music da YouTube Music. Spotify ya fara aiki a Najeriya da Gana a watan Fabrairun 2021, don haka kuɗin wata ɗaya ya ishe ka ka ji duka biyar ka yanke hukunci da kanka.

Kuɗin da ke ɓoye shi ne na data. Awa ɗaya a matsakaicin inganci na 96 kbps (ma'aunin yawan datar da sauti ke ci a daƙiƙa) tana cin kusan megabayit 43. A 160 kbps kusan 72, a 320 kbps kusan 144. Kiɗan celo yana wahala a ƙaramin inganci, saboda ɗan ƙaiƙayin da ake ji lokacin da baka ya taɓa tsirkiya, da numfashin mai kiɗa, su ne ke fara ɓacewa. Shawarata ita ce a sauke albam sau ɗaya a babban inganci lokacin da data ke da araha, a riƙa ji ba tare da intanet ba.

Faifan CD guda a Turai yawanci yana tsakanin Yuro 15 zuwa 20, amma kuɗin aikowa na iya kamo kuɗin faifan. Na Gregson faifai biyu ne, don haka ya fi tsada, ya kuma fi cin data. Faifan garmaho yana da kyau a ido, sai dai zafi na lanƙwasa shi, ƙura kuma na shiga layukansa. Wanda ke zaune inda ake zafin bazara da ƙurar hunturu, CD ko saukewa a waya ya fi masa kwanciyar hankali.

Venice, na Anastasia Kobekina

Wannan ne ya fi dacewa da abin da mutane ke nufi idan suka ce konceton Barok haɗe da kiɗan zamani. Sony Classical ya fitar da shi a farkon 2024, tare da ƙungiyar Kammerorchester Basel ta Suwizalan. An haifi Kobekina a Yekaterinburg ta Rasha a 1994, ta zo ta uku a gasar Tchaikovsky ta 2019, kuma a lokacin fitar albam ɗin tana kaɗa celon 1698 na Stradivari, shahararren mai ƙera kayan kiɗa na Italiya, wanda aka ƙera Vivaldi na da shekara ashirin.

Birnin Benis ne igiyar da ta ɗaure komai. Vivaldi ne ginshiƙi, kewaye da shi akwai Claudio Monteverdi, wanda ya shugabanci kiɗan cocin San Marco daga 1613, da Barbara Strozzi, 'yar birnin da ta wallafa waƙoƙi masu yawa a ƙarni na 17, lokacin da mata ba su cika samun wannan dama ba. Daga ɓangaren zamani akwai Benjamin Britten, György Kurtág na Hangari, Valentin Silvestrov na Yukren, Nino Rota mai kiɗan fina-finan Italiya, Brian Eno, da Caroline Shaw ta Amurka, wadda ta ci kyautar Pulitzer a 2013 tana da shekara 30.

Mahaɗar da ta fi taɓa ni ita ce ta Monteverdi. Kukan Arianna da ya rubuta a 1608 shi kaɗai ne ya rage daga kiɗan wata opera tasa, wato wasan kwaikwayo da ake rerawa, sauran kiɗan ya ɓace. Kobekina ta kawo wannan kuka, ta kuma kawo aikin da mahaifinta, Vladimir Kobekin, ya gina a kansa. Karin guda ne, amma na biyun ya biyo ta shekara ɗari huɗu. Idan ka ji su a zama ɗaya za ka gane cewa ba don ƙawa aka haɗa su ba. Haka kuma aikin Shaw, inda ake yawan tsinkar tsirkiya da yatsa maimakon gogawa, yana wanke kunne. Bayansa, idan ƙungiya ta shigo da amshin Vivaldi, sai ka ji kowane bugu daban-daban, abin da da ka ji konceto uku a jere ba za ka lura da shi ba.

Sauƙin shiga kunne: babu na biyunsa a cikin biyar ɗin. Ayyukan gajeru ne, yanayi na canzawa kafin ka gaji, karin kuma masu zama a zuciya ne.

Rauninsa daga wannan ƙarfin ya fito. Ayyuka da dama tsakure ne, kashi ɗaya aka ciro daga babban aiki, kamar na Britten da aka ɗauko daga jerinsa na uku na celo kaɗai. Wanda ke son ya zauna da dogon tunanin mai tsara kiɗa ɗaya zai ji ana yawan ɗaga shi daga kujera. Akwai kuma haɗari na zahiri: wasu sassan, musamman na Kurtág, a hankali ƙwarai ake kaɗa su. Idan fanka na juyawa ko janareto na aiki a maƙota, za ka ɗauka faifan ya tsaya, ka ƙara murya, sai Vivaldi ya faɗo maka da ƙarfi. Albam ne na iyafis mai kyau da dare. Kada kuma ka kunna tsarin da ke cakuɗa jerin waƙoƙi, domin jerin shi ne rabin aikin.

Ta fuskar ƙarko, sassan Vivaldi da Monteverdi da Strozzi ba sa tsufa. Ɗaya ko biyu daga cikin masu laushi na zamani na iya zama abin tsallakewa bayan wata biyu.

Al-Bunduqiyya, na Giovanni Sollima

Shi ma 2024 ya fito, daga kamfanin Erato, shi ma a kan Benis yake, har sunansa ma sunan birnin ne a Larabci. Amma halinsa daban. Sollima, ɗan Palermo ta tsibirin Sisili da aka haifa a 1962, mai kiɗa ne kuma mai tsara kiɗa, don haka sabon kiɗan da ke ciki yawanci nasa ne. Tare da shi akwai Federico Guglielmo a kan biyolin, ƙaramin ɗan'uwan celo da ake ɗorawa a kafaɗa, da ƙungiyar Il Pomo d'Oro masu kaɗa kayan kiɗa irin na zamanin Barok.

Tunanin albam ɗin shi ne Benis a matsayin tashar fatake, inda jiragen ruwa daga gabashin Bahar Rum ke sauke kaya da mutane da waƙoƙinsu. Shi ya sa za ka ji kiɗan rawa na gargajiya daga tsibirin Sayifrus, da aikin Giuseppe Tartini, a gefen konceton Vivaldi guda biyu na biyolin da celo, RV 547 da RV 544. Na biyun yana da wasa a cikinsa: Vivaldi ya rubuta rabon makaɗan biyu ta yadda kowanne zai iya ɗaukar na ɗan'uwansa, ya kuma laƙaba masa sunan Proteo, wani mai sauya kama a tatsuniyoyin Girka.

Zuciyar albam ɗin ita ce konceton da ya ɓace. Vivaldi ya rubuta wa ɗaya daga cikin 'yan matan Pietà wani konceton celo, amma abin da ya iso gare mu rabon biyola ne kawai (gogen da ya ɗan fi biyolin girma), wato muryar tsakiya da ke cike gurbi, ba ita ke ɗauke da kari ba. Sollima ya ɗauki wannan ragowa ya gina sabon aiki a kanta. Bai yi ƙoƙarin yaudarar kowa cewa haka Vivaldi ya rubuta ba. Wani wuri za ka rantse 1720 kake, sai kiɗan ya karkace zuwa wani abu da sai mutumin yau zai iya tunaninsa, sannan ya dawo. A ma'aunin mahaɗa, wannan ne na ɗaya a wurina, domin tsoho da sabo a cikin aiki ɗaya suke, ba maƙwabtaka suke yi ba.

Sai dai Sollima ba mai lallashi ba ne. Yana dukan tsirkiya, yana jan baka da ƙarfi har sautin ya yi kaushi, yana ƙara abin da ba a rubuta ba. Wanda ke neman kiɗan da zai yi karatu ko barci da shi, ba nan zai samu ba. Wanda kuma ke son celo shi kaɗai a gaba, ya sani cewa biyolin na da babban rabo a nan. Saurare na farko na iya zama da ɗan nauyi. Saurare na biyar ya fi na farko daɗi, kuma irin wannan albam ne ke daɗewa a hannu.

Where is Home, na Abel Selaocoe

Dole a faɗi gaskiya tun farko: babu konceto a nan. Barok ɗin da ke ciki sonata ce, wato kiɗan mai kiɗa ɗaya da 'yan rakiya kaɗan, ta Giovanni Benedetto Platti, Ba'italiye da ya yi rayuwar aikinsa a Würzburg ta Jamus, da kashi masu sanyi daga jerin Bach na celo kaɗai. Na saka shi ne domin babu wanda ya kai shi nisa wajen haɗa duniya biyu, kuma mai sauraren da ya tashi da kiɗan Afirka zai ji abubuwa a ciki da wani ba zai ji ba.

An haifi Selaocoe a 1992 a Sebokeng, wata unguwar baƙaƙen fata a kudu da Johannesburg. A 2010 ya tafi Mancesta ta Ingila karatu a Royal Northern College of Music. Warner Classics ya fitar da albam ɗin a watan Satumban 2022, da ƙarin suna a harshen Sesotho, Hae Ke Kae. Yana kaɗa celo yana waƙa a lokaci guda, da Sesotho da Zulu, wani lokaci da wata murya mai kauri da yake fitarwa daga can cikin maƙogwaro. Akwai ganguna, akwai amshi na murya da yawa, shahararren makaɗin celo Yo-Yo Ma kuma ya shigo a waƙa ɗaya.

Abin saurare da kyau shi ne sonatar Platti. A kiɗan Barok, masu rakiya ba a rubuta musu komai dalla-dalla ba. Layin ƙasa kawai ake ba su da alamomi, su cike sauran da kansu. Selaocoe ya saka kora, molon Afirka ta Yamma mai tsirkiya 21, a cikin masu rakiyar. Ba a karya ƙa'ida ba, domin ƙa'idar ce ta bar ƙofa a buɗe. Sautin kora yana zuba a ƙarƙashin karin Platti kamar dama can don shi aka bar wurin. Wannan ya koya mini wani abu game da Barok da faifan gargajiya da yawa ba su koya mini ba: kiɗa ne da aka gina a kan maimaituwar ƙasa da ƙirƙira nan take, abin da makaɗan nahiyarmu suka daɗe da ƙwarewa a kai.

Sauƙi: yana kama mutum nan da nan. Ƙarko: mai kyau, musamman waƙoƙinsa na kansa. Haɗarin shi ne wanda ya zo neman ƙungiyar makaɗa da konceto zai tarar Barok bai kai rabin albam ɗin ba. Idan ya yi maka, albam ɗinsa na 2025, Hymns of Bantu, ya ci gaba a kan wannan hanya, da Bach da Marin Marais na Faransa a ciki.

Bach da Peter Gregson ya sake ginawa

Deutsche Grammophon ya fitar da shi a 2018, cikin jerin Recomposed, wanda aikin Max Richter a kan Vivaldi na 2012 ya yi wa suna. Gregson ɗan Sikotilan ne. Ya ɗauki jeri shida da Bach ya rubuta wa celo kaɗai a wajajen 1720, kashi 36 gaba ɗaya, ya sake rubuta su don celonsa da wasu celo biyar da na'urar sauti ta lantarki. Yakan ɗauki 'yar gajeriyar jimla daga Bach ya yi ta juya ta, sauran celo suna shimfiɗa sauti a ƙarƙashi.

Yana da daɗi, yana kwantar da hankali, ya dace da aiki ko doguwar tafiya a mota. Amma a nan ma babu konceto, kuma ƙarkonsa ne mafi rauni a cikin biyar ɗin. Abin mamaki a kiɗan Bach shi ne yadda celo ɗaya ke sa ka ji muryoyi biyu ko uku waɗanda ba a kaɗa su ba, kunnenka ne ke cike su. Gregson ya cike maka su, don haka aikin da ya rage wa kunne kaɗan ne. Bayan ɗan lokaci kashi-kashin suna fara kama da juna. Haɗari mafi girma shi ne mutum ya ɗauka ya ji Bach. Wanda ya so wannan, ya nemi asalin, ko da tsohon rikodin makaɗin celo Pablo Casals ne na 1936 zuwa 1939.

Il Progetto Vivaldi, na Sol Gabetta

Gabetta 'yar Ajantina ce, an haife ta a 1981. Wannan albam na 2007, tare da ƙungiyar Sonatori de la Gioiosa Marca ta Italiya, Vivaldi ne daga farko har ƙarshe, konceto cikakku a jere, har da konceton hunturu na shahararren aikinsa a kan lokutan shekara huɗu da aka mayar wa celo. Ta ɗaura wa celonta da Guadagnini ya ƙera a 1759 tsirkiyar hanji irin ta da maimakon ta ƙarfe. Sautin ya fi ɗumi, yana da ɗan dishi-dishi a farkon kowane ja.

Saurari kashi na tsakiya na kowane konceto. Sau da yawa ƙungiya takan ja baya, a bar celo da 'yan rakiya biyu ko uku, yana tafiya a hankali yana ƙawata karin da ƙananan juyi. A nan ne za ka san dalilin da ya sa har yau ake kaɗa wannan mutum. Babu mahaɗa da za a auna, tunda babu sabon kiɗa. Haɗarinsa ɗaya ne: kunnen da bai saba ba zai iya cewa duk iri ɗaya ne idan ya ji su a zama guda. Maganinsa shi ne konceto ɗaya a rana. Ƙarko kuwa, shi ne gaba. Ta biyo shi da albam na biyu a 2011 da na uku a 2013.

A taƙaice cikin jadawali

| Albam | Shekara | Barok a ciki | Mahaɗa | Sauƙi | Ƙarko | Kuɗi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|---|
| Venice | 2024 | Konceton Vivaldi da tsakure | Mai kyau | Sosai | Mai kyau | Faifai ɗaya | Yawan tsakure, sassa marasa ƙara |
| Al-Bunduqiyya | 2024 | Konceton biyolin da celo | Mafi ƙarfi | Matsakaici | Sosai | Faifai ɗaya | Kaushin sauti, celo ba shi kaɗai ba |
| Where is Home | 2022 | Sonata da kashin Bach | Mai ƙarfi | Sosai | Mai kyau | Faifai ɗaya | Babu konceto |
| Bach na Gregson | 2018 | Bach da aka sake rubutawa | An narkar da su | Sosai | Matsakaici | Faifai biyu | Gundura, ba asalin Bach ba ne |
| Il Progetto Vivaldi | 2007 | Konceto cikakku | Babu | Matsakaici | Mafi ƙarko | Faifai ɗaya | Babu kiɗan zamani |

Wanne ga wa

Idan yanzu ka fara, kuma albam ɗaya kawai za ka sauke, ɗauki Venice. Zai gabatar maka da masu tsara kiɗa fiye da goma a cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, daga nan ka san ɓangaren da zuciyarka ta karkata. Idan ka lura sassan Vivaldi kake ta maimaitawa, na Gabetta ne na biyunka. Waɗannan biyun tare sun fi kowane haɗi cika, domin ɗaya na ba ka faɗi, ɗayan na ba ka zurfi.

Idan ka riga ka san Vivaldi, ka gaji da jin sa cikin ladabi, Al-Bunduqiyya ne naka. Shi ne kuma zan ba mai koyon kiɗa ko mai tsara nasa, domin yana nuna yadda ake ɗaukar tsohon abu a yi sabon aiki da shi ba tare da an ɓata shi ba.

Wanda ya fi son murya da ganga, ko yake neman kyautar da zai ba wani da ke cewa kiɗan Turawa ba ya shigarsa, ya fara da Where is Home. Yana kuma jure sauraro a sifika cikin jama'a fiye da Venice, saboda yawancinsa na da ƙarfin da hayaniyar gida ba ta rufewa.

Mai neman abin da zai riƙa tashi a hankali yana karatu ko aiki a kwamfuta, na Gregson zai biya masa buƙata. Shi kam ban ga dalilin sayen faifansa ba, saurare ta intanet ya wadatar. Idan kuɗin CD ɗaya ne a hannunka kuma kana son abin da za ka ajiye shekaru, ka zaɓa tsakanin na Gabetta da na Sollima: na Gabetta idan Vivaldi kake so tsantsa, na Sollima idan haɗin ne ya kawo ka.